Yaran da muryarsu ke bi ta hanci

A shekarar 1955, wata likita a birnin Prague mai suna Eva Sedláčková ta rubuta rahoto a kan wasu yara da suka ɗaure mata kai. Aikinta duba murya ne da magana, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake kawo mata masu tsagaggen rufin baki ne, da an ce su hangame an ga inda matsalar take. Waɗannan yaran kuwa leɓensu lafiya lau, ganɗarsu a haɗe, amma da sun fara magana sai muryar ta bi ta hanci. Uwa kaɗai ke gane abin da suke faɗa, ita ma ba kullum ba. Da likitar ta ƙura ido sai ta ga hanɗarsu ce gajeriya tun haihuwa. Ta kuma lura da wani abin da ba shi aka kawo su ta duba ba: yaran suna kama da juna, alhali ba dangin iya ba na baba. Idanu tsukakku, kunnuwa ƙanana, baki ɗan ƙarami, fuska kuma ba ta cika motsi ba.

Hanɗa ita ce naman nan mai taushi da ke can ƙarshen rufin baki, wanda belu ke reto a jikinsa. Aikinta irin na ƙyaure ne tsakanin baki da hanci. Idan mutum zai ce "baba" sai ta ɗaga ta manne da bangon maƙogwaro, iska ta taru a baki, leɓe ya sake ta da ƙarfi. Idan zai ce "mama" sai ta sauka, iska ta bi ta hanci. Mai karatu ya toshe hancinsa ya gwada kalmomin biyu, zai ji ɗaya ta fita sumul, ɗaya ta maƙale. To, yaron da hanɗarsa ba ta kai bango ba, iskarsa kullum zurarewa take yi. "Baba" ta koma kusa da "mama", "dada" ta koma "nana", su k da g da s kuwa sai dai ya ƙago musu wata dabara can cikin maƙoshi, dabarar da in ta zauna a bakinsa, ko an yi masa aiki sai an sha wuyar raba shi da ita. Tun yana jariri ma alamar na nan: nono na dawowa ta hanci, tsotso ba ƙarfi, kunne na yawan ciwo.

Sedláčková ta ga duk wannan, ta rubuta shi da harshen Cek a mujallar likitocin ƙasarta, a tsakiyar zamanin yaƙin cacar baka. A Yammacin duniya kusan ba wanda ya karanta.

Bayan shekara goma, a 1965, likitocin yara masu bincike suka yi taro a Amurka. Wani matashi mai suna Max Cooper ya tashi ya yi bayanin aikin da ya yi a kan 'yan tsaki. Ya nuna cewa garkuwar jiki runduna biyu ce: ɗaya tana samun horo a wata 'yar tsoka da ke ƙirji a bayan ƙashi, wadda ake kira tayimos, ɗayar kuma, a jikin kaza, a wata 'yar jaka kusa da dubura. In aka cire ɗaya, rundunarta kaɗai ke rushewa. Yana gamawa sai wani likita daga asibitin yara na St. Christopher da ke Filadelfiya, Angelo DiGeorge, ya miƙe ya shaida wa taron cewa abin da ake faɗa a kan kaji shi ya gan shi a jikin 'yan Adam. Ya duba jarirai da aka haifa ba su da tayimos, ba su kuma da ƙananan ƙululan nan huɗu na wuya masu daidaita sinadarin kalsiyam a jini. Kalsiyam ɗinsu na faɗuwa har su riƙa jijjiga, cututtuka kuma na kwasar su ba ƙaƙƙautawa. Daga wannan tsayuwar aka sa wa cutar sunansa.

Abin lura shi ne jariran DiGeorge ba su rayu har su yi magana ba. Da sun kai shekara uku, da wataƙila wani ya ji muryarsu ya tuna da yaran Prague. Saboda haka aka ɗauki cutar a matsayin wani bala'i da ba kasafai ake gani ba, mai kashewa tun cikin zanen goyo. Yau an san cewa masu rashin tayimos ɗungurungum ba su fi ɗaya cikin ɗari na masu wannan lalura ba. DiGeorge ƙarshen mafi muni ya gani, kuma ba laifinsa ba ne, su aka kawo masa.

A Tokyo ma, a 1976, likitocin zuciya na ƙungiyar Atsuyoshi Takao suka lura cewa wasu yaran da ake kawo musu da matsala a manyan jijiyoyin da ke fita daga zuciya suna da fuska iri ɗaya da murya ta hanci. Su ma suka raɗa wa abin nasu sunan, suka rubuta da Japananci.

Wanda ya fi kowa kusantar haɗa zancen ba likita ba ne. Robert Shprintzen masanin gyaran magana ne a asibitin Montefiore da ke unguwar Bronx a New York. A 1978 shi da abokan aikinsa suka wallafa bayanin yara 12: rufin baki mai matsala, zuciya mai matsala, wahalar karatu, da doguwar fuska mai faffaɗan karan hanci. A ganina ba mamaki da ya zama mai sauraron magana ne ya gano su. A lokacin, aikin tiyatar zuciyar jarirai ya fara kankama, yaran da a da za su mutu a wata uku sun fara kaiwa shekarun shiga makaranta, kuma wurin da uwa ke kai yaron da ba a gane maganarsa shi ne ɗakin irin su Shprintzen. Likitan zuciya ya gama nasa ya sallame su, likitan kunne ya ba da maganin ɗigawa, shi kuwa sai ya zauna da yaro mako bayan mako yana kallon bakinsa.

Da yawa daga cikin yaran tsagarsu a ɓoye take. Fata ta rufe rufin bakin sarai, amma tsokar da ke ƙarƙashinta ba ta haɗu a tsakiya ba. Alamunta uku ne, kuma wani likitan Ingila mai suna James Calnan ya jera su tun 1954: belu mai rassa biyu, wani siririn layi mai haske a tsakiyar hanɗa, da ɗan giɓi da yatsa ke ji a ƙarshen ƙashin ganɗa. Akwai kuma wani tarko da ya kama yara da yawa. Tsiron naman da ke bayan hanci, wanda ake cire wa yara masu minshari da toshewar hanci, shi ke cike ratar da gajeriyar hanɗa ta bari. Sai a cire shi da kyakkyawar niyya, yaro ya farfaɗo daga barcin tiyata da muryar da iyayensa ba su taɓa ji ba. Ko aikin gyaran ma, inda ake ɗebo tsoka daga bangon maƙogwaro a rage ratar, yana son taka-tsantsan, domin a wasu daga cikin yaran manyan jijiyoyin jini masu kaiwa kai sun karkato zuwa tsakiya, kusa da inda wuƙa za ta bi.

Suna huɗu ke nan, a ƙasashe uku, kowa da cutarsa. Bakin zaren ya fito ne daga Finlan a 1981, inda Albert de la Chapelle ya binciki wani dangi da cutar DiGeorge ta kama yara da dama a cikinsa, ya tarar da tangarɗa a kuromosom na 22. Jikin mutum na ɗauke da kuromosom 46, an jera su bibbiyu, rabi daga uwa rabi daga uba. Matsalar ita ce guntun da ke ɓacewa ƙarami ne ƙwarai, harafi kamar miliyan 3 cikin biliyan 3 na rubutun gadon ɗan Adam, madubin ɗakin bincike na yau da kullum ba ya ganin sa. Sai a farkon shekarun 1990 aka samu dabarar wani sinadari mai walƙiya da ke manne wa daidai wannan gurbi. A jinin mai lafiya ɗigo biyu ke haskawa, a na mai lalurar kuwa ɗaya tak. A 1992 ƙungiyar Peter Scambler a Landan da ta Deborah Driscoll a Filadelfiya suka gwada marasa lafiya irin na Shprintzen, suka tarar da wannan giɓi. A 1993 aka gwada na Japan, ɗigo ɗaya. A 2001 aka waiwayi masu alamun da Sedláčková ta bayyana, nan ma aka tarar da giɓin. Shekara 46 ke nan bayan rahotonta.

Yanzu ana kiran lalurar da adireshin gurbin da ya ɓace, 22q11.2. Dalilin da ya sa ta taɓa wurare masu nisa da juna kuwa yana cikin makonnin farko na ciki: rufin baki, tayimos, ƙululan wuya da manyan jijiyoyin zuciya duk daga yanki ɗaya na wuyan ɗan tayi suke tsirowa. A 2001 gwaji a kan ɓeraye ya nuna cewa wata ƙwayar gado guda, TBX1, cikin sama da arba'in da ke wannan gurbi, ita ke ɗauke da kaso mai tsoka na ɓarnar. Ana kiyasta cewa jariri ɗaya cikin kimanin 4,000 ke zuwa da lalurar. Tara cikin goma ba gado suka yi ba, iyayensu lafiyarsu ƙalau, giɓin ya faru ne kawai lokacin da ƙwan uwa ko maniyyin uba ke samuwa. Ya kamata a riƙa faɗa wa iyaye mata wannan da babbar murya, domin su aka saba ɗora wa laifi. Wanda ke da lalurar kuwa, duk cikin da aka samu rabi da rabi ne.

Sai dai labarin bai tsaya nan ba, domin yaran sun ci gaba da girma, kowane mataki kuma da abin da yake tonowa. A 1992 Shprintzen ya ba da rahoton cewa wasu daga cikin yaransa na da, da suka zama samari da 'yanmata, sun fara jin muryoyi da ganin abin da babu. Bincike ya tabbatar daga baya cewa kusan ɗaya cikin huɗu na manyan masu lalurar na kamuwa da taɓin hankalin da ake kira sikizofireniya.

Ƙashin baya shi aka fi daɗewa ba a ba shi haƙƙinsa ba. An daɗe da sanin cewa yaran da aka yi wa aikin zuciya sun fi sauran yara samun karkacewar gadon baya, inda ƙashin ke lanƙwashewa gefe yana kuma murɗewa, kafaɗa ɗaya ta ɗara ɗaya tsawo, haƙarƙarin gefe guda ya tasa. Bayanin da aka riƙe mai sauƙi ne: an tsaga ƙirjin jariri, dole ya girma a karkace. Sai likitocin ƙashi na Utrecht a Holan, ƙarƙashin René Castelein, suka haɗa kai da asibitin yara na Filadelfiya suka duba marasa lafiya sama da 1,000 masu giɓin 22q11.2. Suka tarar cewa cikin waɗanda suka kai shekara 16, kusan rabi bayansu ya karkace, alhali a sauran jama'a abin bai wuce biyu ko uku cikin ɗari ba. Har da waɗanda wuƙa ba ta taɓa shiga ƙirjinsu ba. Ke nan wani ɓangare na laifin da aka ɗora wa tiyata, na kuromosom ne. Karkacewar tasu kuma ta yi kama da irin wadda ke kama 'yanmata lafiyayyu a shekarun balaga ba tare da sanannen dalili ba, shi ya sa masu bincike suka maƙale wa waɗannan yara: a nan ne ake iya sa ido a kan baya tun yana miƙe a ga yadda yake fara kaucewa.

Gwajin farko ba ya cin ko kwabo. Yaro ya tuɓe riga ya sunkuya gaba, hannuwa na reto, a tsaya a bayansa a duba ko gefe ɗaya ya fi tudu. William Adams ya bayyana shi a Landan tun 1865. Hoton ƙashi ne ke ba da awo: daga digiri 10 ake kiran abin karkacewa, wajen 25 ake sa wa yaro mai girma rigar roba mai tauri da ke tallafe bayan, in ya doshi 45 zuwa 50 sai a fara zancen tiyata. Ba ya ciwo da farko, yaron da ke fama da fitar da kalma kuma ba shi ne zai kawo ƙara ba.

A Afirka akwai ƙarin cikas. Kamannin fuskar da littattafan likitanci suka koyar daga yaran Turawa aka kwafo su. A 2005 Donna McDonald-McGinn da abokan aikinta a Filadelfiya suka nuna cewa a baƙaƙen yara waɗannan alamun sau da yawa ba sa fitowa fili, don haka ana wuce su ba a gane ba. A 2017 masu bincike na cibiyar lafiya ta ƙasar Amurka suka tattara hotunan marasa lafiya daga nahiyoyi daban-daban suka koya wa kwamfuta bambance su, ta kuma yi daidai fiye da sau 95 cikin 100. A ƙasar Hausa kuwa muna da namu ƙarin. Cikin alamu uku na ɓoyayyar tsaga, wadda ta fi sauƙin gani da tocila da cokali ita ce belu mai rassa biyu. A gidaje da dama wanzami ya riga ya cire shi tun kafin ranar suna.