Naman Kaza daga Karan Gero: Abin da Ƙasar Gobir Za Ta Iya Gwadawa

Shekaru ke nan manoma da yawa a Sabon Birni da Isa ba sa iya kai wa gonakinsu na nesa saboda 'yan bindiga. Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za mu dubi amfanin da ake nomawa a cikin ɗaki, wato naman kaza irin wanda masana ke kira Pleurotus. Jamusawa ne suka fara noma shi lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da abinci ya yi musu wuya.

Ba ya buƙatar ƙasa. Busasshen tsiro yake ci, kuma wannan muna da shi: karan gero, karan dawa, totuwar masara, ɓawon gyaɗa, da tattakar shinkafar fadamun Bunsuru da Gagere. Harawar wake kam a bar wa dabbobi, ta fi daraja a can. Ana daddatsa karan ƙanana, a jiƙa, a tsane, har sai in ka matse shi a hannu ɗigo ɗaya ko biyu kawai zai fito. Daga nan a turara shi cikin duro, a bari ya huce, a cakuɗa da iri, a ɗura a leda.

Kara shi kaɗai zai ba da amfani, amma sinadarin naitirojin ya yi masa kaɗan. Dusar shinkafa ko ta alkama ke cike wannan giɓi, kuma a nan masu farawa suke faɗuwa. Mutum ya ga dusa kaɗan ta ƙara yabanya, sai ya ninka ta. Abin da naman kaza ke so, koren fumfuna ma yana so, kuma ya fi shi saurin girma. Dusa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin busasshen kara ta wadatar. Ƙetare kashi 20 sai mai tukunyar da ke kashe ƙwayoyin cuta gaba ɗaya. Ɗan garin farar ƙasa, kashi 1 ko 2, yana rage tsami ya hana fumfuna sakewa. In an dace, cikin mako 2 zuwa 3 ledar za ta yi fari fat, kuma kilo 1 na busasshen kara na iya ba da rabin kilo ko fiye na ɗanyen naman kaza.

Zafin Afrilu, da ke haura digiri 40, zai kashe shi. Damina ta fi dacewa. A hunturu kuwa sai an riƙa yayyafa ruwa a ɗakin saboda bushewar iska.

Babbar matsalar ita ce iri. A kan ƙwayar dawa ake rainonsa, amma sai a ɗakin gwaji mai tsafta, kuma doguwar tafiya cikin zafin mota tana lalata shi. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato na da masanan da za su iya samar da shi kusa, su fara da nau'in da ke jure zafi.