WAYAR HANNU DA ASIRIN MUTANEN ƘASAR KURFI DA DUTSIN-MA

A cikin watan Satumba na shekarar 1443 ta Hijira da ta shuɗe, watau 2021, Gwamnatin Jihar Katsina, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, ta sa aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Kurfi da Dutsin-Ma. Mutanen Tamawa da ƙauyukan da ke kewaye suka wayi gari waya ta zama kurma a hannu. Dalilin da aka bayar shi ne, ta waya ce masu kai tsegumi su ke sanar da 'yan bindiga wanda ya sayar da sa, da wanda ya dawo daga fatauci, da hanyar da sojoji suka bi. Ba a fara sakin layukan ba sai cikin Disamba.

Wahalar da aka sha a watannin nan ba kaɗan ba ce. Masu POS suka rasa sana'a, ɗalibai na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, suka rasa hanyar gaida iyayensu, mai majinyaci kuwa sai ya yi tafiya mai nisa neman inda waya za ta kama. Amma fa an ƙaru da abu guda, gama jama'a sun gane cewa maganar da ke cikin waya tana iya raya mutum, tana kuwa iya kashe shi.

A da, in dattawa suka zauna a zaure, kowa ya san fuskar wanda ke sauraronsa. Yanzu zauren ya koma WhatsApp, inda rukuni guda kan ɗauki mutum har 1,024. Gaskiya ne tun 2016 kamfanin ya kulle saƙonni, yadda shi kansa ba ya iya karanta su a hanya. Amma kullen nan ba ya hana wanda ke cikin zauren ya kwashi magana ya kai gaba. Saboda haka wanda ya sa hoton sabuwar motarsa, ko ya faɗi ranar tafiyarsa kasuwa, lalle ya faɗa wa mutanen da bai taɓa gani ba. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Har wa yau akwai kamfanonin da ke ba da manhaja kyauta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da su ke karɓa maimakon kuɗi shi ne labarin mutum, watau lambarsa, da inda ya ke, da abin da ya fi kallo, domin da shi su ke sayar wa masu talla fili. Waɗansu masu ba da rance ta waya sun kai ga kwashe lambobin da ke cikin wayar mai cin bashi, in ya makara biya sai su aika wa surukansa da abokansa saƙon tozarci.

Hukuma ba ta yi shiru ba. A Disamba 2020 aka umurci kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa ta NIN, don a san mai kowane layi. A Yuni 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda ta ba mutum ikon tambayar abin da aka tara a kansa, da neman a gyara ko a share. A Yuli 2024 kuma hukumar kare masu saye ta tarayya ta ci kamfanin Meta na Amurka, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 bisa ga yadda ya sarrafa bayanan 'yan ƙasa. Duk da haka, doka ba ta iya dawo da maganar da mai ita ya saki da bakinsa, gama magana zarar bunu ce.

Sa'an nan ga baƙuwar da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wadda ta bazu tun fitowar ChatGPT a Nuwamba 2022. Yadda ta ke aiki shi ne, an ɗura mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, ta koyi kalmar da ta saba bin wata, sai ta riƙa jera magana sumul kamar ta masani. Tana da amfani wajen fassara da rubuta wasiƙa da lissafi. Amma ba ta taɓa noma gero a bakin Zobe ba, rubutun Hausa kuwa da aka ɗura mata kaɗan ne in an gwada da na Turanci, balle Ajamin da ke cikin gafakar malamai. In ta rasa amsa takan ƙaga wata, ta faɗe ta da murya irin ta mai gaskiya.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne, da irin wannan fasaha ana iya kwaikwayon muryar mutum, ko a haɗa hoton abin da bai faru ba. Mutanen da sun ce gani ya kori ji, yau kuwa ganin ma sai an bincika. A ƙasar da ake kiran iyaye a nemi kuɗin fansa, muryar ƙarya ba abin wasa ba ce.

To, mene ne magani? Ba jefar da waya ba ne, domin an ɗanɗana rashinta a 2021. Maganin shi ne kowa ya riƙe hankalinsa, kada ya ba da aronsa ga na'ura ko ga yawan masu turo saƙo. In labari ya zo, a tambayi wanda ya fara faɗinsa, da ranar da abin ya auku, da wanda zai ci riba in an gaskata. In an ji muryar ɗan'uwa yana neman kuɗi da gaggawa, a kashe a kira lambar da aka sani, ko a tambaye shi abin da 'yan gida kaɗai suka sani. Lambar sirri ta banki kuwa ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki ya ke. In kunne ya ji, jiki ya tsira.