Gaskiya ko Jita-jita: Shin setInterval Agogo Ne?

Duk mai koyon JavaScript sai ya haɗu da setInterval: ka ba shi aiki, ka faɗa masa tazara, ya yi ta maimaitawa. Sauƙinsa ne ke sa a ɗora masa abin da bai yi alkawari ba.

"In na rubuta 1000, duk sakan ɗaya cif aikin zai gudana." Jita-jita ce. Milisakan 1000 ɗin lokacin shigar aikin layi ne kawai. JavaScript a shafi abu ɗaya yake yi a lokaci guda, don haka in yana tsaka da lissafi mai nauyi, aikinka sai ya jira, kamar wanda ya kai niƙa ya tarar da kwanuka a gabansa. Abin ya fi muni in mai karatu ya koma wani shafin. Burauza kan rage wa ɓoyayyen shafi bugu zuwa sau ɗaya a sakan, kuma tun Chrome 88 na shekarar 2021, shafin da ya haura minti biyar a ɓoye, ba ya fitar da sauti, ana iya mayar da shi sau ɗaya a minti. Wanda ya haɗa agogon jarrabawa yana rage ɗaya a kowane bugu, ya yi wa ɗalibi kyautar lokaci ke nan. A ganina wannan ganganci ne, tunda maganin bai wuce layi biyu ba: a riƙe lokacin farawa, a kowane bugu a tambayi Date.now().

"Sifili na nufin nan take." A'a. Sai aikin da ke hannu ya ƙare, kuma in maimaicin ya wuce biyar, ƙa'idar HTML ta ce tazarar ba za ta gaza milisakan 4 ba.

"Kira na iya hawa kan kira." Wannan kam gaskiya ce. setInterval ba ya jiran amsar saba. In intanet na jan ƙafa, sabuwar buƙata za ta fita ta farko ba ta dawo ba. Gara setTimeout, mai gudanar da aiki sau ɗaya tak, a sake ɗana shi bayan amsa ta iso.

Masu son aiki duk wata kuma su kiyaye: iyakar tazarar milisakan 2,147,483,647 ce, ƙasa da kwana 25. Ka rubuta na kwana 30, lambar ta tumbatsa, aikin ya dinga tashi babu jira. Irin wannan aikin na cron ne, mai tsara lokutan ayyuka a kan saba.