Kabarin da Dangi Ba Su Sani Ba

A Gidan Kwano, bakin hanyar da ta tashi daga Minna ta nufi Bida, inda mazaunin Jami'ar Fasaha ta Tarayya yake, al'adar Musulmi in an yi rasuwa sananniya ce: a yi wa mamaci wanka da sutura, a sallace shi, a kai shi makwancinsa tun ranar, dangi na gani. Amma gidan da ya ba da ɗansa aikin soja, har ajali ya riske shi a fagen fama, galibi labari kaɗai ke iske su.

Wannan jarrabawa ta daɗe. Tun daga 1943, da Turawan Ingila suka kwashi samarin ƙasar nan cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka tsallaka teku da su domin yaƙar Jafan a dazuzzukan Bama, waɗansu ba su komo ba. A maƙabartar Taukkyan kuwa, kusa da Rangun, an rubuta sunayen sojoji wajen 27,000 na ƙasashe dabam-dabam waɗanda ba a san kabarinsu ba. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ci nasa rabon. Ko a watan Agusta na 2023, kwanton ɓauna a yankin Zungeru da faɗuwar jirgi mai saukar ungulu a Shiroro sun halaka sojoji 36, bisa faɗar Hedikwatar Tsaro.

Hukuma na tunawa da mazan jiya kowace 15 ga Janairu, da fareti da furanni da sakin tattabaru, abin da, a ganina, bai cika ratsa zuciyar mahaifiya ba. Tunawar gida ita ce addu'a da sadaka, da takabar wata huɗu da kwana goma, da kuma yi wa mamaci takwara, ta yadda jaririn da aka raɗa wa sunansa za a riƙa kiransa Abba ko Babangida saboda kunya.

Mafi tsanani shi ne sha'anin wanda ya ɓace, ba gawa ba shaida, wanda malaman fiƙihu ke kira mafƙudi. Littafin Risala ya yanka wa matar mafƙudi shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara aka gama bincike, sa'an nan ta yi idda irin ta mamaci. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta gado sai an kai shekarun da bisa al'ada tsararrakinsa ba sa wucewa.