Gaspra: Dutsen Falaki Mai Lamba 951 da Yadda Ya Sami Sunansa

Tsakanin Mirrihu da Mushtari, waɗanda Turawa ke kira Mas da Jufita, akwai wani fili mai faɗi inda dubban duwatsu ke kewaya rana. Na farkonsu da aka gano shi ne Ceres, a 1801. A 1802 William Herschel ya laƙaba musu suna daga Girkanci mai ma'anar "mai kama da tauraro", domin a madubin hangen nesa ɗigon haske kaɗai suke. Amma fa ba taurari ba ne, gama ba su da hasken kansu, na rana suke maidowa. Saboda haka malamin da ya ce wa almajiransa "ƙaramin tauraro" ya ɗora su a kan kuskure. "Dutsen falaki" ya fi dacewa.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Gaspra. Tsawonsa kamar mil 11 ne, siffarsa kuwa ba ta mulmule ba. Yana kusa da bakin filin nan ta wajen rana. Idan ya matso, tsakaninsa da ita wajen mil miliyan 170 ne, idan ya nisanta kuwa wajen miliyan 240, alhali duniyarmu tana mil miliyan 93. Yakan gama kewayensa cikin shekara 3 da wata 3 da rabi, yakan kuma juya a kan kansa cikin sa'a 7.

Wani masanin taurari na Rasha, Grigori Neujmin, shi ya gano shi ran 30 ga Yuli, 1916, a gidan duban taurari na Simeiz, cikin Kirimiya. Abin da ke tona asirin irin wannan dutse shi ne motsi: taurari suna nan inda suke a tsakanin junansu, shi kuwa kowane dare ya gusa.

Ganinsa kaɗai ba ya isa a raɗa masa suna. Sai an bi sawunsa, an lissafta hanyarsa har an tabbata za a iya sake samunsa, sa'an nan a ba shi lamba, suna ya biyo baya. Dalili kuwa, wanda ba a san hanyarsa ba yakan ɓace, wani ya sake ganinsa ya zaci sabo ne. Watau lambar 951 shaida ce cewa an san inda zai kasance. Sunan kuma na wani garin shaƙatawa ne a gaɓar Baƙin Teku, kusa da Yalta, inda marubucin nan Tolstoy ya yi jinya a 1901 da 1902.

Shekara 75 Gaspra yana ɗigon haske kurum. Ran 29 ga Oktoba, 1991, kumbon Amurka mai suna Galileo, a kan hanyarsa ta zuwa Mushtari, ya gifta shi da tazarar mil 1,000 ya ɗauki hotunansa. Shi ne dutsen falaki na farko da aka gani kusa da kusa, kuma lissafin hanyarsa ne ya sa aka iske shi.

Har wa yau sunan bai daina aiki ba. Da aka zo sa wa ramukan jikinsa suna, sai aka ɗauko na garuruwan wanka da shan iska, kamar Bath ta Ingila da Spa ta Beljiyam, wani yankinsa kuma aka kira shi da sunan Neujmin.