Hunturun Jos da Wuyan Jita: Makaɗin da Ya Zama Makanikin Kayan Kiɗansa

Duk shekara, da zarar iskar hunturu ta kankama a Jos wajen ƙarshen Nuwamba, masu kaɗa jita sukan fara jin wani abu a tafin hannunsu kafin su ji shi a kunne. Gefen wuyan jitar da ke da santsi a watan Agusta sai ya koma kamar bakin zarto, yana kartar yatsa. Bayan 'yan kwanaki tsirkiya ta fara zuza a wasu wurare, sautin da ya kamata ya fita tangaran ya riƙa mutuwa a maƙogwaro. Wanda bai san dalili ba yakan ɗauka jitar ce ta tsufa, ko kuma jabu aka sayar masa. Galibi kuwa katakon ne ya bushe.

Jos na zaune a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku. A tsakiyar damina laimar iska takan haura kashi 80 cikin ɗari, amma da ranar Janairu takan faɗo ƙasa da kashi 25. Manyan kamfanonin ƙera jita na Amurka, irin su Martin da Taylor, suna ba da shawarar a ajiye ta a laimar kashi 45 zuwa 55. Wato jitar da ke Jos tana shafe yawancin shekara a wajen yanayin da aka ƙera ta dominsa, wani lokaci ta wannan gefe, wani lokaci ta wancan. Katako yana shan ruwa ya kumbura, ya saki ruwa ya tsuke, ƙarfe kuwa ko a jikinsa. Shi ya sa idan allon wuya ya tsuke, ƙananan sandunan ƙarfen da aka gitta a kansa, waɗanda makaɗa ke kira firet, sai bakunansu su leƙo waje.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a garin da kiɗa ke cikin abincin mutane da yawa. Haƙar kuza ta tara ƙabilu daga ko'ina a Jos tun farkon ƙarnin da ya wuce, kuma tare da su aka samu gidajen rawa da ƙungiyoyin kiɗa irin su Sahara All Stars ta shekarun 1970. Hedkwatar ECWA da ta COCIN duka a Jos suke, kuma da wuya a shiga majami'a ranar Lahadi ba a ga jita biyu ko uku a gaba ba. A nan Panam Percy Paul ya kafa sansaninsa na kiɗa da koyarwa, a nan Jeremiah Gyang ya tashi yana rera Hausa a kan jita, a nan P-Square da M.I Abaga da Ice Prince suka yi ƙuruciya. Sunayen da suka yi fice ke nan. A bayansu akwai ɗaruruwan samari da ke bin biki da taron suna da ɗakin naɗar waƙa da jita guda ɗaya tilo, wadda in ta lalace ranar Juma'a, kwangilar Asabar ta tafi.

Sayen sabuwa kuma ya daina zama abin wasa. Jita da tsirkiyarta da kusan duk wani ƙarfe da ke jikinta daga waje ake shigo da su, da dala. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Abin da a da ake jefarwa a ƙarƙashin gado a sayi wani, yanzu sai an zauna an duba shi.

Ga Bahaushe dai, makaɗi ya gyara abin kiɗansa da hannunsa ba sabon abu ba ne, kuma Jos ce ta fi kowane gari shaidar haka. Marigayi Dakta Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukur a 1946 ya kuma rasu ranar 20 ga Yunin 2015, ya zaga duniya ne da kuntigi: gwangwanin kifi da aka rufe da fata, da ɗan sanda, da tsirkiya guda. Da wannan ya yi waƙar Karen Mota da sauran waƙoƙin da har gobe ake sauraro. Babu shagon da ake kai kuntigi gyara. Fata ta saki saboda laima, mai ita ne zai shanya ta ta ɗaure. Tsirkiya ta tsinke, shi zai ɗaura wata. Haka mai molo, haka mai garaya da mai gurmi. Can arewa ma, Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen da Mdou Moctar na Nijar duk da wayar birkin keke suka haɗa jitarsu ta farko.

Sai dai jitar Bature ta bambanta da kuntigi a wuri guda mai muhimmanci. Kuntigi ba shi da firet, yatsa ne ke neman sauti, kunne ya tabbatar. A jita kuwa an riga an yi lissafin an kafe shi da ƙarfe. Ana raba tsawon tsirkiya da 17.817 a samu mazaunin firet na farko, a sake raba abin da ya rage a samu na biyu, haka har ƙarshe, ta yadda na 12 zai faɗa daidai tsakiyar tsirkiya. A jitar Fender tsawon nan milimita 648 ne, a ta Gibson kimanin 628. Tsayin firet ɗin kansa bai cika wuce milimita 1 da 'yan kai ba. Idan ɗaya ya fi maƙwabcinsa tsayi da kaurin takarda, tsirkiya za ta taɓa shi ta yi zuza. Aikin da ake kira daidaita firet shi ne a goge kawunansu duka su dawo layi ɗaya.

A nan ne masu gaggawa ke yin asara. Bidiyoyin YouTube sun sa aikin ya zama kamar na rabin sa'a, kuma yawancinsu an ɗauke su ne a ɗakunan da ake sarrafa laima. Ƙarfen da aka goge ba ya dawowa. Firet yana jure gyara irin wannan sau biyu ko uku ne kawai kafin ya yi gajarta har sai an cire shi gaba ɗaya an dasa sabo, aikin da ya fi ƙarfin yawancin masu gyaran gida. Kuma zuzar hunturu sau da yawa ba daga firet take ba. Fuskar jitar da ba ta lantarki ba allo ne mai kaurin milimita 3 ko ƙasa da haka. Idan ya bushe sai ya lotsa ciki, ya ja abin da makaɗan goge ke kira jaki zuwa ƙasa, tsirkiya ta kusanci firet. Wanda ya ɗauki magagari a Janairu ya goge ƙarfe saboda wannan, zai tarar a Yuli katako ya koma mazauninsa, ƙarfen kuwa ya tafi a banza.

Don haka magani na farko ruwa ne. Ana jiƙa soso a matse shi sosai, a sa a cikin robar sabulu da aka huda, a rufe tare da jitar a cikin akwatinta ko jakarta na mako ɗaya zuwa biyu, ana sake jiƙawa idan ya bushe, ba tare da ruwa ya taɓa katako ba. Sau da yawa bakunan firet sukan koma ciki, zuzar ta ɗauke da kanta. Ma'aikacin da ke Abuja wanda ya rataye jitar ɗansa a bangon falo ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ya sani cewa ya ƙirƙiro mata hunturu na dindindin, domin na'urar tana tsotse laimar ɗaki. Barin ta a but ɗin mota a rana kuma ya fi wannan muni, zafi yana sassauta gam ɗin da ya riƙe jaki.

Idan ruwa bai warware ba, sai a duba lanƙwasar wuya. Tsirkiya shida na ƙarfe suna jan wuyan jita da nauyin da ya kai kilo 70, dare da rana. Abin da ke hana shi rusunawa wata sandar ƙarfe ce da aka binne a cikinsa, wadda Thaddeus McHugh na kamfanin Gibson ya nemi rajistar fasaharta a 1921. Ana danne tsirkiya a firet na farko da kuma wurin da wuya ya haɗu da jiki, a duba tazarar da ta rage a wajen firet na 7. Ya kamata ta kasance kimanin milimita 0.25, wato kaurin katin da jami'ai ke miƙa wa juna a taro. In ta fi haka, a ɗaure sandar da alanki. In babu tazara sam, a sassauta. Rubu'in juyi ko ƙasa da haka, sannan a bar katako ya huta kafin a ƙara. In ta ƙi juyawa, a ƙyale ta. Sandar da ta karye a cikin wuya takan zama ƙarshen jita mai arha, domin kuɗin fiddo ta ya fi kuɗin jitar.

Sai bayan duk wannan ake tuhumar firet. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗora wani abu mai miƙaƙƙen baki a kan firet uku a jere, tsohon katin ATM ma yana yi a wurare da yawa. In ya yi rawa kamar kujera mai gajeriyar ƙafa, na tsakiya ya fi tsayi. Ko a nan akwai sauran tambaya, domin sau da yawa firet ɗin tashi ya yi daga raminsa saboda katako ya tsuke ya sake shi. Irin wannan ɗan bugu yake so da guduma mai kan roba, da ɗigon gam, ba guga ba.

Idan kuwa ta tabbata tsirkiya ta ci ramuka a kan firet, ko an dasa su ba daidai ba tun daga masana'anta, kamar yadda ake yawan gani a jita masu arha, to aikin ya wajaba. Ana cire tsirkiya, a miƙar da wuya sak da sandar ciki, a rufe allon da salatif, a kuma rufe maganaɗisun jitar lantarki don kada garin ƙarfe ya manne musu. Ana shafa maka a kan kowane firet. Sannan a manna samfefa mai laushi a jikin wani abu da aka tabbatar shimfiɗarsa daidai take, kamar guntun gilashi mai kauri ko ma'aunin ruwa na magina, a riƙa ja a tsawon wuya da nauyin abin kawai, ana bin ɗan kumburin allon daga gefe zuwa gefe. Inda maka ta goge, nan ne tudu. Da zarar samfefa ta taɓa kan kowane firet, an gama, ko ja ɗaya kada a ƙara.

Sashen da ke cin lokaci, kuma wanda ake yawan tsallakewa, shi ne mayar wa kowane firet ƙwaryar kansa. Guga ta bar shi da fāɗi a sama, kuma tsirkiyar da ta kwanta a kan fāɗi ba ta tsaya a inda lissafin nan na 17.817 ya ce ta tsaya ba, sai jita ta riƙa fita daga sauti ko da an saita ta daidai. Ana sake shafa maka, a bi gefe biyu da ƙaramin magagari mai kusurwa uku wanda aka dusashe bakinsa, har sai ɗan siririn layin maka ya rage a tsakiya. Firet 20 ko 22, ɗaya bayan ɗaya. Yini guda ne ga mai haƙuri. Daga nan sai samfefa mai laushi, sai wadda ta fi ta laushi, har ƙarfe ya yi sheƙi.

Wani abin ban sha'awa shi ne yawan kayan gyaran da ke kusa da hannu. Ɗan ƙashin da tsirkiya ke hawa a kan jaki, da wanda ke can saman wuya, a jita masu arha roba ne, amma a masu tsada ƙashin ƙafar saniya ne da aka dafa aka fitar masa da maiƙo aka sassaƙa, abin da mahautar Jos ke zubarwa kullum. Maɗaci ɗan gida ɗaya ne da katakon mahogani na Afirka da masana'antu ke yin jiki da wuyan jita da shi. Kanya dangin baƙin katakon nan ne da ake allon wuya da shi, wanda saboda shi kamfanin Taylor ya sayi hannun jari a wata masana'antar yankan katako a Yawunde a 2011. Madobiya kuma, wadda aka yi ta sarewa a Taraba da maƙwabtanta ana lodawa zuwa Sin har yarjejeniyar CITES ta dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018, ita ce masu balafon na Yammacin Afirka suka daɗe suna sassaƙawa saboda amonta.

Kuma Jos ɗin nan ita ce mazaunin hedkwatar Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya, da Hukumar Fina-finai ta Ƙasa. Tun 2023 akwai ma'aikatar tarayya ta musamman mai kula da fasaha da al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira. Idan ana maganar wannan tattalin arziki a ɗakunan taron Abuja, mawaƙi da ɗan fim ake hange, ba kasafai ake tuna mai riƙe da magagari ba. Alhali sana'a ce da ba ta buƙatar babban jari: tebur, fitila, kayan aikin da za su shiga jaka ɗaya, da wanda zai koyar. Kafintan da ya iya ƙofar da ba ta cijewa da damina ya riga ya san rabin karatun.

Kafin a kai ga nan, makaɗin Jos yana da wata dabara mai arha da masu jita a ƙasashen sanyi suka daɗe da ita: ƙashin jaki guda biyu. Ɗaya mai ɗan tsayi na hunturu, lokacin da fuskar jita ta lotsa, ɗaya gajere na damina, lokacin da ta kumbura ta ɗaga tsirkiya har yatsa ya riƙa ciwo. Bambancinsu bai kai milimita 1 ba. Ana sassauta tsirkiya, a zare wannan a zura wancan, a rubuta sunan lokacin da fensir a gindinsa, a jefa shi cikin aljihun jaka. A Jos ruwan farko yakan sauka wajen Afrilu, kuma makonni kaɗan bayansa ne lokacin sauyawa.