Dalilan da Suka Sa Kayan Gyaran Injin Yankan Ciyawa Ke Wuyar Samu a Kasuwannin Nijeriya

Legas — A kowace shekara, da zarar damina ta kankama a watan Afrilu ko Mayu, akan ga ma'aikatan lambu na otal-otal da makarantu da manyan gidaje na unguwannin Ikoyi da Ikeja suna zagaya kasuwannin kayan gyara, kowane riƙe da wani ɗan ƙarfe ko roba da ya ƙulle a leda, yana neman irinsa. Haka lamarin yake a Abuja da Ibadan da Fatakwal. Sau da yawa abin da ake nema bai kai girman ɗan yatsa ba, amma rashinsa yakan tsayar da inji na dubban ɗaruruwan Naira har damina ta wuce, ciyawa kuwa ba ta jiran kowa.

Abin mamaki a nan shi ne Nijeriya ba ta rasa kasuwannin kayan gyara ba. Kasuwar Ladipo da ke Mushin a Legas, da ta Nkwo da ke Nnewi a Jihar Anambra, da ta Apo a Abuja, da Panteka a Kaduna, duk sun yi suna wajen samar da kayan mota da babur da janareta. Mai motar da aka ƙera shekaru talatin da suka wuce yana iya samun abin da yake buƙata kafin azahar. Amma mai injin yankan ciyawa yakan wuni yana shiga rumfa yana fita, a ƙarshe a ce masa ya dawo mako mai zuwa.

Dalili na farko yana cikin ƙirar injin kansa. Yawancin janareta matsakaita da famfunan ban ruwa da injinan niƙa da ake amfani da su a ƙasar nan suna ɗauke ne da inji iri guda, wato samfurin GX160 da GX200 na kamfanin Honda, ko kuma kwaikwayonsu da masana'antun ƙasar Sin ke ƙerawa. Saboda yawansu, fistin ko kafireton wannan yakan shiga wancan, ɗan kasuwa kuma yana da tabbacin cewa in ya sayo kwali ɗari zai sayar. Sandar da ke juyawa a cikin waɗannan injina, wadda makanikai ke kira karanshaf, a kwance take. Ta injin yankan ciyawa da ake turawa da hannu kuwa a tsaye take, domin wuƙar tana ƙarƙashinsa ne tana juyawa daidai da ƙasa. Wannan bambanci ya shafi murfin injin da wurin zaman baƙin mai da hanyar tayarwa, wanda hakan ya sa tarin kayan janareta da suka cika kasuwa ba su da amfani ga mai lambu, in ban da fulogi da igiyar ja.

Dalili na biyu ya fi wannan rikitarwa, shi ne kuma ya fi ɓata wa masu saye lokaci. Sunan da ke rubuce a jikin injin yankan ciyawa ba lallai ne ya zama sunan kamfanin da ya ƙera injin da ke tuƙa shi ba. Wani kamfani ne ke ƙera gangar jiki da tayoyi da wuƙa, wani dabam ke ƙera injin. Kamfanin Briggs & Stratton na Jihar Wisconsin ta Amurka, wanda aka kafa a shekarar 1908, ya daɗe yana sayar da injinansa ga kamfanoni masu yawa da ke lanƙaya nasu sunan a saman gangar jiki. Injinan wannan kamfani suna da lambobi uku da aka buga a jikin ƙarfe: ta samfuri, da ta nau'i, da ta ranar ƙira, wadda alƙalumanta biyu na farko ke nuna shekara. Injina biyu masu lambar samfuri ɗaya suna iya bambanta a kafireto idan lambar nau'insu ta saɓa. Wanda ya je kasuwa da sunan da ke kan gangar jiki kawai, bai je da komai ba. A injinan da aka shigo da su na hannu daga Turai da Amurka, tsatsa da fenti sukan cinye lambobin, takardar bayani kuwa ta ɓace tun kafin kayan su baro can.

Ko wuƙar ma ba iri ɗaya ba ce. Ban da tsawonta, ramin da ke tsakiyarta yakan zo zagaye a wani samfurin, a wani kuma da siffar tauraro mai kusurwa biyar ko shida. Kazalika injinan Amurka da yawa suna amfani da notuna masu awon inci, alhali kasuwar Nijeriya ta fi cika da masu awon milimita. Notin da ya yi kamar zai shiga, in aka matsa masa, sai ya cinye zaren.

Baya ga wannan, wasu daga cikin masu ƙera injinan sun bar sana'ar. Kamfanin Tecumseh, wanda injinansa ke kan tsofaffin na'urori da yawa, ya daina ƙera su a ƙarshen shekarar 2008, wani kamfani kuma ya sayi harkar kayan gyaransa a 2009. Briggs & Stratton ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a watan Yuli na 2020, aka sayar da shi a cikin wannan shekarar, ko da yake ya ci gaba da aiki. Honda kuma ya daina ƙera injin yankan ciyawa mai amfani da fetur a masana'antarsa ta Jihar North Carolina a 2023. Kayan gyaran waɗannan injina ba su ƙare a duniya ba, sai dai kowane irin wannan sauyi yana ƙara nisan da ke tsakaninsu da mai rumfa a Mushin.

Shi kuwa mai rumfar, lissafinsa a fili yake. Kayan injin ciyawa na wata shida ne kacal. Daga Nuwamba zuwa Maris babu mai tambayarsu. Samfuran suna da yawa, masu sayen kowane samfuri kuma ƙalilan ne. Kafin kaya su fito daga tashar Apapa ko Tin Can, sai ya cika takardar Form M ta hanyar banki, ya biya kuɗin kwastan da na dako da na fito. Tun bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, lokacin da Dala ɗaya take kimanin Naira 460 a farashin gwamnati, har ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024, jarin da ake buƙata don cika rumfa ya ninka. Ba za a ga laifin ɗan kasuwar da ya zaɓi zuba kuɗinsa a kayan babur da za su ƙare cikin mako biyu ba, maimakon wata 'yar roba da za ta shekara a kan kanta tana jiran mutum ɗaya.

Da yake buƙata ba ta gushe ba, sai makanikai da masu walda suka shiga cike giɓin. Wani lokaci dabararsu tana yin amfani: ana yanka gasket daga takarda mai kauri, ana lanƙwasa sabuwar waya a madadin wadda ta tsinke. Wani lokaci kuwa gyaran ya fi ɓarnar tsada. Misali mafi bayyana shi ne wani ɗan guntun ƙarfe mai laushi da ke riƙe filawil da karanshaf. An yi shi da laushi ne da gangan, domin idan wuƙa ta daki dutse ko kututture ya karye shi kaɗai, ya rage ƙarfin bugun da zai isa ga sauran injin. Kuɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Idan aka rasa shi aka yanko ƙusa ko baƙin ƙarfe aka sa, injin zai tashi, mai shi ya yi murna, amma ranar da wuƙa ta sake dukan dutse filawil ɗin ne zai tsage ko karanshaf ya lalace. Haka nan wuƙar da aka yi wa walda: tana juyawa kusan sau 3,000 a minti ɗaya, in gefe guda ya fi nauyi sai ta riƙa girgiza injin har ta kashe shi, in kuma waldar ta saki, guntun da zai fita yana iya raunata wanda ke tsaye kusa.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta buƙatar sabon abu tun farko. Injin da aka ajiye da fetur a cikinsa tsawon rani, man yakan bushe ya bar danƙo a ƙananan hanyoyin kafireto, robar ciki kuma ta sandare. Da yawa daga cikin injinan da ake kai wa makanikai a farkon damina wannan ne ciwonsu, kuma da an tsiyaye man a watan Nuwamba da ba a je kasuwa ba.

Nauyin wannan matsala bai tsaya kan masu gidaje ba. Ƙananan 'yan kwangila da ke kula da filayen makarantu da asibitoci da gefen tituna ana biyansu ne bisa aikin da suka gama. Injin da ya tsaya mako uku yana nufin ɗauko leburori da adda da langalanga, a biya su kullum, aikin yini ɗaya ya koma na kwana huɗu, wani lokaci kwangilar ma ta suɓuce. Wannan ne ya sa da yawansu suka koma ga injin da ake ratayawa a kafaɗa, mai amfani da fetur gauraye da baƙin mai, wanda ake shigowa da shi daga ƙasar Sin. Bai kai na turawa iya daidaita ciyawa ba, kuma yana gajiyar da mai riƙe da shi, amma ƙirarsa kusan ɗaya ce ko da wane suna aka rubuta a jikinsa, saboda haka kayansa suna nan a kasuwa.

Su kuwa tsofaffin injinan da aka fid da rai da su, ba a zubar da su. A bayan rumfunan masu gyaran janareta a Legas da Abuja akan tarar da su a jibge, wannan babu taya, wancan babu murfi. Daga jikinsu ake kwance mafi yawan kayan da ake sayar wa ma'aikatan lambu, kuma farashin kowane guntu yakan danganta ne da irin gaggawar da mai rumfa ya gani a fuskar wanda ya zo nema.